Tambaya da Amsa: Masu Horar da Dawakin Keke da Masu Tuƙa Su

Wasiƙun wannan karon duk a wuri guda suka tsaya: tseren dawakin da ke jan ɗan keke mai taya biyu, irin wanda ake yi a Amurka da Kanada da Faransa da Suwidin da Italiya da Ostireliya, da mutanen da ke cin abinci da shi. Masu kama da juna mun haɗe su, masu tsawo kuma mun rage musu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani tsere a bidiyo, kowane doki na jan keke, mutum na zaune a bayansa ya ware ƙafafu. Ga fili, ga dawaki da ƙarfinsu, amma ban ga wanda ya saki sukuwa ba. Me ya hana su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Doka ce ta hana su, kuma a kan wannan dokar aka gina sana'ar baki ɗaya. Taku biyu kawai aka yarda da su. Na farko sassarfa: ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su tashi tare su sauka tare, sannan sauran biyun su biyo. Na biyu takun raƙumi: ƙafafun gefe guda, gaba da baya, su tafi tare, shi ya sa za ka ga dokin yana rangaji hagu da dama. Kowane taku da ajinsa. A Amurka da Kanada da Ostireliya masu takun raƙumi sun fi yawa nesa ba kusa ba. A Faransa da Suwidin da Italiya kuwa sassarfa zalla ake yi.

Idan doki ya karya taku ya faɗa sukuwa, direban Amurka dole ya fitar da shi gefe in akwai hanya, ya ja shi har ya koma takunsa, kuma ya yarda a wuce shi. Ya ci gaba da amfana da sukuwar, alƙalai su mayar da shi baya. Faransa ta fi tsanani: a fitar da doki daga tseren gaba ɗaya, ko da shi ne kan gaba.

Kada ka raina gudun. Irin dokin da ake amfani da shi a Amurka sunansa Standardbred, kuma sunan ya samo asali ne daga ma'aunin da aka kafa a 1879: sai doki ya iya yin mil guda cikin minti 2 da daƙiƙa 30 kafin a rubuta shi a littafin asali. Kusan dukkansu jikokin ingarma guda ne, Hambletonian, wanda aka haifa a jihar New York a 1849, aka saye shi tare da uwarsa a kan dala 125, ya bar 'ya'ya fiye da 1,300. Yau wancan ma'aunin ya zama gudun motsa jini. A watan Yulin 2022 wani mai takun raƙumi, Bulldog Hanover, ya yi mil a filin Meadowlands cikin minti 1 da daƙiƙa 45.8, wato kusan kilomita 55 a awa, da keke da mutum a bayansa.

Tambaya: Yaya ake zama mai horarwa ko direba? Makaranta ake shiga, ko gado ne?

Amsa: Gado ya fi yawa, amma ko ɗan gado daga kwasar kashin barga yake farawa. Matakin farko shi ne zama yaron barga, mai kula da dawaki uku ko huɗu: abinci, ruwa, shara, wanka, naɗe ƙafafu, ɗaura kayan aiki, da raka doki fili ranar tsere. A nan ne hannu ke koyon bambanta ƙafa mai sanyi da mai ɗumi, ido ya koyi gane dokin da ya bar hatsi a kwano. Daga nan a fara ba shi doki mai sanyin hali ya zagaya da shi a keken atisaye, wanda ya fi na tsere tsawo da nauyi. Sai an ga hannunsa ya zauna sannan a bar shi ya yi gudun awo tare da manya.

Takarda daga baya take zuwa. A Amurka ƙungiyar USTA, wadda aka kafa a 1939, ita ke ba da lasisi hawa-hawa. Mai shekara 16 na iya samun na tseren gwaji da na bukukuwan ƙauye, bayan jarrabawar rubutu da ta aiki, da shaidar waɗanda suka riga shi a sana'ar. A shekara 18 yana iya neman na wucin gadi, wanda ke ba shi damar shiga manyan filaye alƙalai na sa masa ido. Cikakken lasisi sai ya tara tsere masu tsabta. Kowace jiha kuma da nata lasisin daban.

Rayuwar Stanley Dancer ta isa misali. An haife shi a New Jersey a 1927, ya bar makaranta da wuri ya zama yaron barga, ya fara tuƙi a filin Freehold a 1945. Dokin da ya kafa bargarsa da shi wani gurgu ne mai suna Candor da ya saya dala 250, ya yi jinyarsa har ya koma cin tsere. A lokacin tsofaffin direbobi sun saba lallaɓa doki sai an zo ƙarshe. Shi kuwa tun daga tashi yake ƙwace gaba, ya bar sauran su yi ta kansu. A 1964 ya zama direba na farko da dawakinsa suka ci dala miliyan guda a shekara ɗaya. Sau uku yana horar da doki ya kuma tuƙa shi ya cinye manyan gasanni uku na 'yan shekara uku a shekara guda: Nevele Pride a 1968, Most Happy Fella a 1970, Super Bowl a 1972. A 1983 dokin da ya ɗora wa buri, Dancer's Crown, ya mutu saura makonni kaɗan a yi gasar Hambletonian, babbar gasar masu sassarfa 'yan shekara uku da aka sa wa sunan wancan ingarman. Ya shiga da wata goɗiya, Duenna, ya ci, karo na huɗu ke nan da ya ci gasar yana kan keke. Ya rasu a 2005 da nasara 3,781. Filin Freehold ɗin da ya fara, an rufe shi a ƙarshen 2024.

Tambaya: Daga ranar da aka sayi dukushi zuwa ranar da zai shiga tsere, me ake yi masa, kuma wata nawa ne?

Amsa: Wata takwas zuwa tara, in komai ya tafi daidai, kuma ba kasafai yake tafiya daidai ba. Manyan kasuwannin gwanjo biyu ne a Amurka: Lexington a watan Oktoba, Harrisburg a Nuwamba. Kafin gwanjo mai horarwa ya riga ya bi littafin asali ya zagaya gonaki. Abin da yake dubawa shi ne tsayuwar ƙafa. Dukushin da kofatonsa na gaba suka kalli waje, in ya yi gudu ƙafar ciki take lanƙwasowa ta bugi gwiwar ɗaya. A gonar ba ya nuna komai, sai ranar da aka nemi sauri. Kuɗi ba ya rufe wannan aibin, ko da kuwa irin dala miliyan 1.1 da aka biya kan wani dukushi mai suna Maverick ne a 2019.

Makon farko a saba masa da kayan jiki da linzami a cikin barga. Daga nan mutum ya bi shi a ƙasa da dogayen igiyoyi biyu, yana koya masa juyawa da tsayawa. Ranar da za a fara ɗaura keke mutum uku ake so: ɗaya a zaune, biyu riƙe da igiya a gefe, don in ya firgita sau ɗaya a ranar, ya daɗe bai manta ba. Bayan haka sai zagaye a hankali kullum, daga mil biyu har a kai huɗu ko biyar. Da yawa kan kwashe dawakinsu zuwa Florida su tsere wa ƙanƙara.

Akwai wata dabara da baƙo ba ya lura da ita. Zagayen yau da kullum ta hannun da agogo ke bi ake yinsa, gudun awo da tsere kuma ta kishiyar hannun. Doki na gane wannan sarai: da an juya shi za ka ga kunnuwa sun miƙe, ya kama linzami.

Ranar 1 ga Janairu kowane doki a arewacin duniya yake ƙara shekara, ko yaushe aka haife shi. Daga nan ake fara gudun awo sau biyu a mako. Masu horarwa sun bambanta, amma a ƙiyasi ana farawa wajen minti 3 a mil, a riƙa rage 'yan daƙiƙu duk mako ɗaya ko biyu: wajen 2:40 a Fabrairu, 2:30 a Maris, 2:20 a Afrilu, 2:10 a Mayu, sai tseren gwaji a Yuni. Ɓarnar da aka fi yi a nan ta gaggawa ce. Huhu da tsoka suna saurin ƙarfi, ƙashi da jijiya kuwa suna baya. Dukushi zai nuna maka yana son ƙari a Maris, ka ba shi, a Mayu gwiwa ta kumbura, shekarar ta tafi.

Tambaya: Malam, me ke sa doki karya taku? Na ga an lulluɓe wasu da igiyoyi da robobi kamar za su yaƙi.

Amsa: Nan ne gizo ke saƙar. Sauri da shi ake haifar doki. Abin da ake biyan mai horarwa dominsa shi ne ya sa ƙafafu huɗu su wuce juna a wannan gudun ba tare da ɗaya ta taɓa ɗaya ba.

Dalilan karya taku ba su wuce huɗu ba: ciwo, bugun ƙafa da ƙafa, firgita, da gajiya. Ciwo ake fara nema. Da asuba, kafin a ba doki abinci, mai horarwa zai durƙusa ya bi bayan ƙwaurin gaba da yatsu biyu daga gwiwa zuwa wuyan ƙafa, ya kwatanta hagu da dama. Jijiya mai lafiya a miƙe take, da sanyi, da tauri kamar igiya. In ya ji ɗumi ko laushi a wuri guda, ko dokin ya janye ƙafa da ya matsa, yau babu keke. Sai ya dafa kofato ya ji zafinsa, ya leƙa kwanon daren jiya, ya auna zafin jiki: 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Salshiyos shi ne lafiya. Dokin da ke karkatar da kai ko yake jingina gefe a kan kwana, yawanci gudun wata ƙafa mai ciwo yake yi, ko kuma linzami na taɓa masa haƙori mai kaifi.

Bugun ƙafa kuwa kowane taku da irin nasa. Mai takun raƙumi, ƙafar baya ce ke tsallakowa ta sari ƙafar gaba ta ɗaya gefen. Mai sassarfa, kofaton gaba ne ke yankar ƙafar baya ta gefensa yayin da suke wucewa. Dukkansu suna iya bugun gwiwa. Robobin da ka gani kariya ce, kuma shaida ce: bayan gudu a cire su a duba inda aka karce. Wasu na shafa alli a takalmi don su ga inda ya bar alama.

Maganin yana hannun maƙerin takalmi. Ana auna tsawon kofato da kusurwarsa a rubuta a littafi. A gaba tsawon yakan kama daga inci uku da rubu'i zuwa uku da rubu'i uku, kusurwa wajen digiri 48 zuwa 52, ta baya ta ɗan ɗara. Dogon kofato mai kwantacciyar kusurwa yana jinkirta tashin ƙafa, gajere mai tsayayyar kusurwa yana hanzarta ta. Da wannan ake raba ƙafafu biyu da ke haɗuwa a hanya. Mai sassarfa da bai daidaita ba akan ɗaura masa ɗan ƙarfe mai nauyin giram 60 zuwa 110 a goshin kofaton gaba, a riƙa ragewa yana gwanancewa. Ƙa'ida guda: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza takalmi da linzami da dabaibayi rana ɗaya, ko dokin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Dabaibayin shi ne igiyoyin da ka gani a ƙafafun masu takun raƙumi: zobba huɗu da ke haɗa ƙafar gaba da ta baya ta kowane gefe. Ya yi tsauri, taku ya gajarce, doki ya gaji, cinya ta saluɓe. Ya yi sako-sako, doki ya nemi tallafi ya rasa, ya karya. Rami guda a maɗauri na iya raba ci da faɗuwa.

Sauran na kai ne. Igiyar da ta taso daga baki ta bi tsakanin kunnuwa tana riƙe kai a tsayin da doki ya fi daidaita. Gashin tunkiya da ake ɗorawa a karan hanci yana hana shi ganin inuwa a ƙasa ya yi tsalle. Makarin ido na hana shi kallon na gefe. Ana toshe kunne da abin da aka ɗaure da zare, in an shigo miƙaƙƙiyar ƙarshe direba ya fizge, hayaniya ta faɗo wa doki, ya ƙara wuta. A Turai kuma sun gano cewa dawaki da yawa sun fi gudu ba takalmi. A Faransa dole a sanar tun kafin tsere, a Suwidin an hana lokacin hunturu. Ba a yinsa kullum, don kofato na cinyewa.

Tambaya: Gaskiya ni ban ga aikin direba ba. Doki ke gudu, shi yana zaune. Ko yaro ba zai iya ba?

Amsa: Zo mu zauna a bayansa na minti biyu. Fili ne mai zagayen rabin mil, irin na Yonkers, dawaki takwas, zagaye biyu. Mota mai fukafukan ƙarfe tana gaba, kowane doki ya sa hanci a lambar da ƙuri'a ta ba shi, tana ƙara gudu har layin tashi, ta naɗe fukafukai ta tsere. Tun 1946 ake wannan, kafin nan sai a yi ta sake tashi har 'yan kallo su gaji.

Daƙiƙa goman farko direba zai yanke shawara: ya tura ya nemi gaba, ko ya ja ya faɗa layin ciki. In ya tura, wani na ciki ya ƙi ba shi hanya, ya maƙale a waje ke nan. Yi lissafi: keke ya kai faɗin mita ɗaya da rabi, don haka duk zagaye guda a layi na biyu ƙarin mita tara ne da 'yan kai. Zagaye biyu, kusan mita 19, wato tsawon doki shida, ga iska yana sha shi kaɗai. 'Yan Ostireliya kujerar mutuwa suke ce wa wannan wurin. In ya ja ya shige ciki, ya huta da iska, amma yana iya samun kansa a rufe, gaba doki, gefe doki, da ƙarfi a hannu ba hanyar fita. Wuri mafi daɗi shi ne bayan na gaba kai tsaye, musamman a filayen da suka buɗe ƙarin layi ta ciki a miƙaƙƙiyar ƙarshe. Na biyu a daɗi shi ne bayan wanda ya fito waje ya tare maka iska.

Wanda ya samu gaba kuma agogo ne a kansa. A ce ya yi rubu'in farko a daƙiƙa 27. In ya iya yaudarar na baya ya yi na biyu a 30, ya adana abin da zai ƙarasa da shi. In aka matsa masa ya sake yin 27, to a ƙarshe ƙafafu za su yi nauyi, a wuce shi kamar yana tsaye. Kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa tsawon doki guda ne. Duk wannan yana yinsa ne yana kishingiɗe, ƙafafu a likkafa, wutsiya a fuska, tsakuwa na dukan tabarau, taya na gogar taya.

Sannan hannu. Ba shi da cinya ko diddige da zai yi wa doki magana da su, igiyoyi biyu ne kawai. Mai hannu mai kyau yana jin doki zai karya tun kafin ya karya, ya ɗan tallafe shi taku biyu ya sake. Bulala ba ta da wannan amfanin, dokoki ma sai ƙara taƙaita ta suke yi. Norway ta hana ta tun shekarun 1980.

Tambaya: Nawa suke samu?

Amsa: A Amurka da Kanada rabon kuɗin gasa sananne ne: na ɗaya kashi 50 cikin ɗari, na biyu 25, na uku 12, na huɗu 8, na biyar 5. Cikin abin da doki ya ci, direba na da kashi 5, mai horarwa kashi 5. Gasar dala 10,000 ke nan in ka zo na ɗaya, mai doki ya karɓi 5,000, direba ya samu 250. Ka zo na biyar, dala 25. Shi ya sa direba ke neman tsere goma a dare guda, wani ma ya yi fili biyu a rana. A gasar Hambletonian, mai dala miliyan guda, kashi biyar ɗin nan dala 25,000 ne.

Mai horarwa yana cajin mai doki kuɗin kwana a kan kowane doki, daga ciki ya biya hatsi da ciyawa da shimfiɗa da albashin yaran barga da hayar barga. Likita, takalmi, da mota a kan mai doki suke. Abin da ke karya ƙananan masu horarwa shi ne mai dokin da ba ya biya a kan lokaci, don doki ba ya jiran bashi kafin ya ci. Akwai kuma kuɗin ajiye gurbi a manyan gasanni, da ake fara biya tun doki na dukushi. Ka tsallake biya guda, ko dokinka ya fi kowa gudu ba zai shiga ba. Kuɗin gasar kansu daga caca suke fitowa, a jihohi da dama har da kason injinan caca da aka girka a filayen.

Tambaya: Na karanta cewa a da mutum guda ke horarwa ya kuma tuƙa. Me ya raba aikin biyu?

Amsa: Yawan tsere ne da ƙarin sauri. Zamanin Dancer da Billy Haughton da Delvin Miller, wanda ya kwana da doki shi ke hawa bayansa. Sai ga Hervé Filion, ɗan Kebek a Kanada, wanda ke tuƙi da rana a Freehold da dare a New York, a kan dawakin kowa. Ya rasu a 2017 da nasara fiye da 15,000. Da aka buɗe Meadowlands a 1976, fili mai zagayen mil guda da kuɗi masu tsoka, masu dawaki suka ga cewa wanda ke tuƙi sau dubu biyu a shekara ya fi mai yi sau ɗari biyu sanin lokaci da halin abokan karawa. John Campbell bai shahara da barga ba, amma ya ci Hambletonian sau shida, dawakin da ya tuƙa suka tara kusan dala miliyan 300 kafin ya ajiye a 2017. Tim Tetrick ya ci tsere 1,189 a 2007 kaɗai.

A ganinmu an yi riba an kuma yi asara. Direban haya yau kawai ya sani, zai matse doki ya ci, gobe yana kan wani. Mai horarwa da ke tuƙa nasa yana tuna cewa akwai mako mai zuwa. Shi ya sa har yanzu da yawa ke tuƙa 'yan shekara biyunsu da kansu a farkon fitowa, musamman masu sassarfa. Haɗin bai mutu ba. Jimmy Takter ya horar da Trixton ya tuƙa shi ya ci Hambletonian a 2014, Åke Svanstedt ya yi haka da Captain Corey a 2021, dukkansu 'yan asalin Suwidin. A Faransa Jean-Michel Bazire ya horar ya kuma tuƙa Bélina Josselyn ta ci Prix d'Amérique a 2019, gasar mita 2,700 da ake yi a Vincennes ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu, wadda aka kafa a 1920.

Tambaya: Ni mace ce. Akwai mata a ciki? Kuma yaya haɗarinsa?

Amsa: Akwai, Malama, kuma tare ake karawa ba a ware aji. Helen Johansson ta ci Prix d'Amérique a 1995 da goɗiya Ina Scot. Linda Toscano ce mace ta farko da ta horar da wanda ya ci Hambletonian, Market Share, a 2012. Kerryn Manning ta tuƙa Arden Rooney ta ci Kofin Niyu Zilan a 2015. Ba a ƙayyade nauyin direba kamar na mahayin sukuwa, shi ya sa ake kai shekara sittin ana yi.

Haɗari kuwa babba ne. In na gaba ya faɗi, na baya ba su da birki. Mai dabaibayi in ya karya taku yakan harɗe ya kife. Billy Haughton, mai nasara 4,910, ya rasu a Yulin 1986 sakamakon raunin kai da ya samu a Yonkers, kuma bayansa ne aka tsaurara ingancin hular kwano. An kuma cire shingen ƙarfe na ciki a yawancin filaye, aka sa sandunan roba masu lanƙwasa, don direba ya samu inda zai kauce.

Tambaya: Ana yawan jin an dakatar da mai horarwa saboda magani. In yaron barga ne ya yi kuskure fa?

Amsa: Mai horarwa ne zai ɗauka. Doka ta ɗora masa alhakin duk abin da aka samu a jini ko fitsarin dokinsa, ko yana wata jihar lokacin da aka ba shi. Hukuncin ya haɗa da tara, dakatarwa, da mayar da kuɗin gasa. Don haka barga mai tsari tana rubuta kowace allura da ranarta, tana ware kwanon dokin da ke shan magani, tana kirga kwanakin da kowane magani ke ɗauka kafin ya fita daga jiki. Lasix, da ake ba dokin da huhunsa ke zubar da jini in ya yi gudu, an halatta shi a wurare da dama a Amurka da Kanada awa huɗu kafin tsere, a Turai kuwa haramun ne ranar tsere. Akwai masu ɗura wa doki bakin soda ta hanci don jinkirta gajiya, shi ya sa ake ɗibar jini tun kafin a fita fili.

Yawancin abin da ke kwantar da doki ma ba ya buƙatar maganin ɓoye, kulawa yake so. Gyambon ciki na kama dokin da ke cin hatsi da yawa ciyawa kaɗan, don haka kada ciyawa ta gaza kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinsa a rana, wajen kilo bakwai ga doki mai kilo 450. Sai ɗaurewar tsoka, wadda ta fi kama goɗiyoyi masu zafin kai. Doki ya wuni a barga ranar hutu an cika masa kwano kamar ranar aiki. Washegari an fita, bai yi mil guda ba sai taku ya gajarce, gumi ya keto, tsokar ɗuwawu ta yi tauri kamar dutse, fitsari ya fito baƙi-baƙi. A nan take ake tsayawa a kwance keke, a rufa masa bargo, a kawo mota ta ɗauke shi, a kira likita ya auna jini. Tilasta masa takawa zuwa barga ƙara yaga tsokar yake yi. Ranar hutu ta gaba a rage hatsin da rabi, a sake shi a fili ya yi yawo.